Kwarin Napa: Me Ya Sa Abincin Meziko Mai Tsada Ke Ba Da Kunya, Gidajen Kuma Ke Yawan Sauya Hannu

Kwarin Napa yana arewa da birnin San Faransisko a jihar Kalifoniya. Tsawonsa bai wuce kilomita 50 ba, amma gidajen sarrafa inabi da ke cikinsa sun haura 400, kuma tun 1976, lokacin da giyar inabin yankin ta doke ta Faransa a wata gasar ɗanɗano a birnin Paris, masu kuɗi suke tururuwa zuwa can. Baƙi suka jawo otal-otal, otal-otal suka jawo gidajen abinci. Garin Yountville mai mutum dubu uku da 'yan kai shi ne mazaunin The French Laundry na shahararren kuku Thomas Keller, gidan abincin da ke riƙe da taurari uku, matsayi mafi girma a littafin tantance gidajen abinci na Michelin.

A wannan kwarin, kusan kashi ɗaya cikin uku na mazauna 'yan asalin Latin Amurka ne, mafi yawansu daga Meziko. Su ke yanke rassan inabi da sanyi, su ke tsinkar 'ya'yansa da dare lokacin girbi, su ne kuma a tsaye gaban murhu a yawancin kicin ɗin gidajen abincin Faransa da Italiya da ke yankin. Tushen abin ya koma shirin Bracero na 1942 zuwa 1964, wanda ya riƙa kawo leburorin gona daga Meziko. Saboda haka ba a rasa masu iya girkin Meziko a Napa ba. Duk da haka kukan da ake yawan ji iri ɗaya ne: mutum ya shiga gidan abincin Meziko mai kujeru masu laushi da fitilu na alfarma, ya biya ninki uku ko huɗu, ya fito yana cewa tako (nama a naɗe cikin fallen gurasar masara) da ake sayarwa a motar da ke bakin titi ya fi wannan. Bayan shekara biyu ko uku kuma a ga an sauke allon sunan gidan an ɗora wani.

Kukan mai ci da rufewar gidan daga wuri ɗaya suke fitowa. Ginin da aka kama haya shi ke yanke hukuncin abin da za a dafa, kuma abincin Meziko na kirki yana buƙatar abubuwan da lissafin wannan ginin ba ya ɗauka.

Lissafin da ke bayan faranti

Masu wannan sana'a a Amurka suna aiki da ƙa'idar da kowa ya sani. A kowace dala 100 ta ciniki, kayan abinci da abin sha su ci kamar 28 zuwa 35, albashi ya ci kamar 30 zuwa 35, su biyun a haɗe kada su wuce 65. Haya ta tsaya tsakanin 6 da 10. Sauran ya tafi ga wuta, gas, inshora, kuɗin da kamfanonin kati ke cira, gyare-gyare da wankin tufafin tebur. Ribar da ke saura a gidan da ke tafiya daidai ba ta cika wuce dala 3 zuwa 5 ba.

A ɗauki misali. A ce gida mai kujera 100 yana biyan dala 30,000 a wata, haya da harajin gini da inshorarsa, domin irin yarjejeniyar da aka saba yi a can ɗan haya ne ke ɗauke da duka ukun. In ana so wannan ya tsaya a kashi 8 cikin ɗari, dole cinikin wata ya kai dala 375,000, wato 12,500 kullum. Gidan da ke sayar da naman sa da kwalbar giyar inabi, inda kowane baƙo ke barin dala 120, mutum 104 sun ishe shi a rana. Gidan abincin Meziko da baƙo ke barin dala 60 sai ya ciyar da mutum 208. In dala 45 ce, mutum 278. Haya ɗaya, kujeru ɗaya, aiki ninki biyu ko fiye.

Sai albashi. Dokar tarayyar Amurka ta yarda a biya mai kai abinci dala 2.13 a awa in tukuicin baƙi zai cike sauran, amma Kalifoniya ba ta yarda da wannan ba: cikakken mafi ƙarancin albashi ake biyan kowa, tukuici daban. Mafi ƙarancin ya kai dala 16 a 2024 da 16.50 a 2025, kuma daga Afrilun 2024 manyan kamfanonin abincin gaggawa suka koma biyan dala 20. Kukun da ya iya aiki ba zai tsaya gaban wuta a kan abin da bai kai na mai soya dankali ba. Gidajen kwana a kwarin sun fi ƙarfin ma'aikaci, don haka da yawa daga Vallejo ko Fairfield ko American Canyon suke tahowa kullum. Duk wanda ya samu aiki kusa da gida, ya tafi.

Inda ɗanɗanon ke zubewa

Gishirin maganar yana cikin totiya, fallen gurasar masara da ake naɗe nama a ciki. Yadda ake yin ta ta asali shi ne a dafa busasshiyar masara da ruwa da farar ƙasa irin ta girki, kimanin giram 10 ga kowane kilo na masara, wasu kuma da toka suke yi. Ba a barin ta ta nuna lugub. Da zarar ɓawon ya fara saluɓewa in an murza, cikin ƙwayar kuma da sauran fari, sai a sauke a bar ta cikin ruwanta awa 8 zuwa 12. Da safe a wanke, a markaɗa a injin mai dutse, a samu ƙullu mai laushi da ba ya manne wa hannu. Kilo ɗaya na masara yana ba da kusan kilo biyu na ƙullu. Wannan dahuwar ce ke ba ƙullun danƙo da ƙamshinsa, ita ce kuma ke sa jiki ya iya amfana da sinadarin niyasin da ke cikin masara.

Kowane mataki yana da inda yake ɓaci. Farar ƙasa ta yi yawa, ƙullun ya yi rawaya ya yi ɗaci kamar sabulu. Ta yi kaɗan, ɓawon ba zai saki ba, totiyar ta riƙa karyewa. Masara ta dahu fiye da kima, ƙullun ya zama gam. An wanke ta fes, danƙon ya tafi. Ƙullun da ya wuni a ɗumin kicin kuwa tsami yake yi, don haka ba a ajiye na jiya. Ana gutsurar kamar giram 30, a danne, a ɗora a faffaɗan kasko mai zafi sosai, a juya sau biyu. In komai ya yi daidai, bayan juyi na biyu sai ta kumbura da tururi. Totiyar da ba ta kumbura ba, akwai abin da aka kuskure a baya.

Yanzu a mayar da wannan cikin lissafi. Baƙi 200, kowa totiya huɗu, 800 ke nan, kilo 24 na ƙullu, kimanin kilo 13 na masara. Masarar ba ita ce tsadar ba, ko da irin ta gargajiya ce da kamfanoni kamar Masienda ke shigowa da ita daga ƙananan manoman Meziko tun 2014. Tsadar tana ga mutum biyu da ba su da wani aiki sai wannan. In ana biyan kowannensu dala 22 a awa na awa takwas, dala 352 ke nan a rana, santi 44 a kan kowace totiya, alhali ta kamfani da ke zuwa a leda ba ta kai santi 10 ba. Ranar da mai gida ya zauna da akawunsa suna neman inda za a rage, wannan layin ido ke fara faɗawa. Sai a koma garin masara na buhu irin Maseca, wanda ruwa kawai ake zuba masa. Daga nan a koma ta leda a riƙa ɗumamawa. A takardar jerin abinci ba abin da ya canja, farashi ma yana nan, amma wanda ya san abin ya gane tun daga cizon farko.

Ko an yi ƙullun da kyau, akwai matsalar tazara. Totiya kamar waina ce: daɗinta yana tsakanin tanda da hannu. A motar tako, mai gashi ya kwaso nama daga ƙarfe mai zafi, ya zuba a totiyar da ta sauka yanzu, ya watsa albasa da ganyen koriyanda, ya miƙo ta taga. Ba a yi minti ɗaya ba ta shiga baki. A babban gidan abinci kuwa ƙa'ida ita ce abincin teburi ɗaya ya fita tare. Takon da ya gama yana zaune ƙarƙashin fitilar ɗumama abinci yana jiran kifin wani ya nuna, ana jera masa furen ado da ɗan hantsaki, sannan mai kaiwa ya ratsa zaure da shi. Minti biyar ko shida sun wuce. Ruwan naman ya jiƙa ƙasan totiyar, gefenta ya bushe, an ɗauka ta yage. Tsarin hidimar da aka gina domin abincin Faransa ne yake kashe wannan abincin, kuma baƙo kuɗin wannan hidimar ya biya.

Bayan totiya, mole, wata miya mai kauri, ita ce ta biyu. Baƙar mole ta jihar Oaxaca da ke Meziko tana cin kayan haɗi sama da 20: busasshen barkono iri-iri, riɗi, gyaɗa ko almon, zabibi, agada, tumatir, albasa, tafarnuwa, kirfa, kanumfari, busasshen burodi, cakulan kaɗan. Ana cire 'ya'yan barkonon a ƙona su su yi baƙi, a jiƙa a ruwa a zubar domin ɗacin ya ragu. Sauran kayan kowanne daban ake soya shi ko a gasa, saboda lokacin nunarsu ba ɗaya ba ne. A niƙa, a sake soya niƙaƙƙen cikin mai ana juyawa ba tsayawa, sannan a tsinka da romo a bar shi awanni a ƙaramar wuta. Aikin kwana biyu ne. Barkonon da ke ba ta asalin ɗanɗanonta, chilhuacle, a yankin Cañada na Oaxaca ake noma shi, kaɗan ne kuma da tsada, shi ya sa da yawa ke maye gurbinsa da mulato da pasilla. Wannan ba laifi ba ne in an iya. Laifin shi ne sayen haɗaɗɗen mole na bokiti a ƙara masa sukari da cakulan domin a rufe rashin zurfinsa. Abin da ke isa tebur sai ya zama miya mai zaƙi a kan ƙirjin kaza da ya bushe.

Salsa, wato haɗin tumatir da barkono da ake zuba wa abinci, ba ta da wuya, amma ba ta kwana. Wadda aka gasa tumatirinta da barkononta yau, gobe ta dushe. Kicin ɗin da ke ƙarancin hannu yakan yi ta kwana uku a lokaci ɗaya, ya kuma rage yajin don kada baƙo ya mayar da faranti. Wake da shinkafar gefe su ma sukan zama abin cika faranti da ba wanda ya ɗanɗana kafin su fita. (Musulmin da ya je can ya riƙa tambaya: a girkin gargajiya ana yawan sa man alade a soyayyen wake da tamale (ƙullun masara da ake turarawa a ganye), kuma carnitas da al pastor naman alade ne.)

Giyar da ba ta shiga da barkono

A yankin inabi, abin sha ne ke ɗauke da gidan abinci. Kwalbar da aka saro ana sayar da ita ninki biyu da rabi zuwa uku, ba a dafa ta, ba ta buƙatar kuku. To amma abin alfaharin Napa jar giya ce ta inabin Cabernet Sauvignon, mai ƙarfin barasa kashi 14 zuwa 15 cikin ɗari da bauri mai yawa. Barasa tana ƙara zafin barkono a baki, barkono kuma yana fito da ɗacin baurin. Baƙon da ya wuni yana ɗanɗana ta a gonaki, in ya zauna gaban tako, abin da zai nema shi ne biya mai araha ko margarita, wani haɗin barasa da lemun tsami.

Margarita tana da riba, amma da tekila, barasar Meziko mai ƙarfi, ake haɗa ta, kuma sayar da barasa mai ƙarfi sai da lasisin da jihar ke kira Type 47. Adadinsa a ƙayyade yake, kusan ɗaya ga kowane mazauni 2,000 na gunduma. Gundumar Napa mazaunanta kimanin 138,000 ne, baƙinta kuwa miliyoyi, saboda haka sabon shiga yakan sayi lasisin ne daga hannun wanda ya rufe, a kan ɗaruruwan dubban daloli. Wanda ya saya ya binne jarinsa tun kafin ya kunna murhu. Wanda bai saya ba ya rasa abin da zai fi kawo masa riba. Wasu kuma sukan zaɓi su lanƙwasa girkin ya dace da jar giyar: a rage tsami, a rage yaji, a ƙara man shanu da nama mai kitse. Sunan abincin na Meziko ne, ɗanɗanon na kowane otal.

Farashin da baƙo ya yarda da shi

Akwai wani rufi da ba a gani. Mutumin da zai biya dala 30 a farantin taliyar Italiya bai ce uffan ba, in an ce masa tako uku dala 24 sai ya ji an cuce shi, duk da cewa aikin da ke cikin totiya ta asali ya fi na taliyar. Krishnendu Ray na Jami'ar New York ya yi nazari a kan wannan, ya nuna cewa farashin da Amurkawa ke yarda su biya a kan abincin wata al'umma yana bin matsayin da suke ba mutanen al'ummar: abincin ƙasar da talakawanta ke zuwa ƙwadago, araha ake sa ran samunsa. Wannan rashin adalci ne, kuma a Napa ya fi fitowa fili, domin masu girkin suna nan cikin kwarin suna sayar da na gaske a farashin leburori, a motoci da ƙananan kantuna irin La Luna da ke Rutherford. Gidan abincin Faransa ba shi da mai kwatanta shi da komai a bakin titi. Na Meziko kullum ana auna shi da abin da ke nesa da shi da tafiyar minti biyar.

Ba wai abincin ba zai iya hawa wannan matsayin ba. UNESCO ta sa girkin gargajiyar Meziko cikin kayan tarihin al'adun duniya a 2010. Californios, gidan abincin Meziko na kuku Val Cantu a San Faransisko, ya samu taurari biyu na Michelin. A 2024, lokacin da Michelin ta fara tantance Meziko, gidaje uku a Valle de Guadalupe, yankin inabin jihar Baja California, sun samu tauraro, haka ma wani ɗan shagon tako a birnin Meziko, El Califa de León, mai kala huɗu kacal. In an duba, waɗanda suka yi nasara iri biyu ne: masu ɗan gajeren jerin abinci da ke fita da zafinsa, ko masu kujeru kaɗan da farashin da ya isa ya biya kowane hannu. Tsakiyar ce ke da haɗari, wato gida mai kujera 100 ko 150 da kala 40, yana so ya gamsar da mai neman burito (babban naɗin nama da wake) da mai neman baƙar mole a dare ɗaya.

Yadda gida ke mutuwa

Shekarar kwarin biyu ce. Daga bazara zuwa girbin Agusta zuwa Oktoba, ba masaka tsinke. Daga Nuwamba zuwa Maris, ruwan sama da sanyi, daren Talata ana iya samun teburi biyar a zauren da ke ɗaukar talatin. Haya ba ta san da wannan ba, kuma yawancin yarjejeniyoyi suna ƙara ta kamar kashi 3 cikin ɗari kowace shekara. Wanda zai riƙe gida a watannin nan ɗan gari ne, ɗan gari kuwa ya san inda ake sayar da na kirki da araha. Baƙo kuma zuwa ɗaya yake yi, in bai ji daɗi ba ba ya dawowa ya faɗa, wani baƙon ne zai zauna a kujerarsa gobe. Don haka gida yana iya shekara biyu abincinsa na lalacewa cinikin rani na rufe masa asiri.

A kan wannan sai masifu suka yi ta zuwa a jere: girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 6.0 a Agustan 2014, gobarar daji a Oktoban 2017, yanke wutar lantarki da kamfanin wuta na PG&E ya yi da gangan a Oktoban 2019 don gudun wata gobarar, annobar korona a Maris na 2020, sai gobarar dajin da aka kira Glass a Satumban 2020 wadda ta cinye The Restaurant at Meadowood mai taurari uku. Yawancinsu a watannin girbi suka faɗo, lokacin da ake tara abin da za a ci da sanyi. Kayan girkin ma ba su da tabbas: a Fabrairun 2022 Amurka ta dakatar da shigo da fiya daga jihar Michoacán ta Meziko na kusan mako guda, kuma lemun tsami yakan yi tashin gwauron zabi, su biyun kuma ba a girkin Meziko sai da su.

Matakan faɗuwar kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Wata shidan farko ana cika saboda sabo ne. Sanyin farko ya cinye ɗan kuɗin da aka ajiye, wanda dama gyaran gini da lasisi sun riga sun rage shi. Babban kukun da aka ɗauko da sunansa ya tsara abincin ya wuce, ya bar wa mataimaka takarda. A rage ma'aikata, a rufe Litinin da Talata, a koma kayan leda da na bokiti, a ƙara farashi. Mai gidan yakan ci gaba da jan ƙafa fiye da yadda ya kamata, domin ya sa hannu da kansa a matsayin mai tsaya wa hayar, in ya fita bashin zai bi shi har gidansa. Mafitarsa ita ce ya samu wanda zai karɓi ragowar yarjejeniyar ya sayi kayan kicin da lasisin.

Shi ya sa gini ɗaya ke ta sauya suna. Sabon shiga yana murnar ya samu wuri mai murhu da bututun zuƙe hayaƙi da izini a shirye, ya tsira daga watannin jiran hukuma. Amma ya gaji kicin ɗin da aka zana domin wani girkin: ba wurin injin markaɗe, ba wurin tukwanen jiƙa masara, kaskon totiya sai an matsa masa a lungu nesa da inda abinci ke fita. Ya kuma gaji hayar da ta kayar da na gabansa. Ko masu ƙarfin jari ba su tsira ba. Keller ya buɗe La Calenda a Yountville a farkon 2019, a ginin da wani gidan abinci mai suna Hurley's ya bari, da kuku ɗan Oaxaca, aka kuma yaba wa abincin a manyan jaridu, amma a ƙarshen 2024 an rufe shi.

Maganar da ake yawan yi cewa kashi 90 na gidajen abinci suna mutuwa a shekarar farko ba ta da tushe. Binciken H. G. Parsa da abokan aikinsa na 2005 a birnin Columbus na jihar Ohio ya samu kimanin kashi 26 a shekarar farko da kusan kashi 60 cikin shekara uku, kuma a ƙidayarsu har gidan da ya sauya hannu ya shiga. Wanda ya ci abinci a wani gida shekara uku da suka wuce ya koma yau, yana iya tarar da sunan nan da kujerun nan, amma mai shi da kukunsa duk wasu ne.

Mai son ya gane halin da gida ke ciki tun kafin ya kashe kuɗinsa, ya fara da abu mafi araha. Ya tambaya ko a nan suke dafa masararsu su markaɗa, domin gidan da ke yi kowane ma'aikaci ya san amsar. Ya nemi totiya zalla da salsa da wake. Totiyar ta zo da ɗumi a naɗe cikin ƙyalle, da ɗigon ƙuna a jikinta da ƙamshin masara, ta naɗu ba ta tsage ba. Salsar ta zama kala biyu ko uku da ɗanɗanonsu ya bambanta, ɗaya aƙalla mai yaji na gaske. Waken ya ji gishiri da kitse. Ya kuma ƙirga kalolin da ke takarda ya leƙa yawan mutanen da ke kicin: kala 40 da mutum huɗu, rabin abincin daga firiji da bokiti zai fito.